Kujerar Girma ta Anti Tela

Duk wanda ya taɓa shiga cocin da ke ƙarshen layin ya san Anti Tela. Mace ce gajeriya mai jiki, da tabarau rataye a wuya wanda ba ta sa shi sai za ta zura zare ko za ta harari wani. Shagonta ɗaki ɗaya ne a gaban gida, da keken ɗinki biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ajiye kaya a kai, sai wani madubi mai tsaga da ke raba mutum gida biyu. Rigunan mawaƙan coci ita ta ɗinka su, labulen bayan mumbari ita, kuma rabin amaren cocin a hannunta aka matse su har suka yi ƙugu. Ba ta da haƙuri da mai canza magana. In kika ce a yi hannu dogo, sannan kika dawo kika ce gajere kike so, za ta yanke. Amma in gajere kika ce kika dawo neman dogo, sai ta sa tabarau ta ce, "'Yar nan, almakashi ba ya tuba."

Mijinta kafinta ne, dogo, marar yawan magana, kuma dattijo ne a cocin. Duk bencinan da ake zama a kai aikinsa ne, yana kuma alfahari da cewa babu wanda ya taɓa kayar da mutum. Shi yana ce mata Tela. Ita tana ce masa Maigida in ana zaman lafiya, Kafinta in ya yi laifi.

Ba su haihu ba. Gara in faɗa tun yanzu, don a cocin ma kowa ya sani, sai dai a rage murya in za a faɗa, kamar ita ce ba ta da labari. Shekara talatin da shida da aure. Sun je asibiti har likita ya san ƙarar takalminta. Sun yi azumi, sun yi addu'a, ta sha jiƙe-jiƙen da in aka zuba wa akuya sai ta yi ƙara. Sau ɗaya ciki ya zauna wata uku, har ta yanka 'yar riga daga ragowar yadi, sannan ya fita. Rigar ta gama ta duk da haka, don ba ta barin ɗinki rabi, ta ba wata mai jego. Matan coci ba su taɓa gajiya da ba ta haƙuri ba. Su kawo mata labarin matan dā da suka haihu bayan furfura, su ce mata ai ɗa na kowa ne. Ita kuwa ta lura ɗa na kowa ne har zuwa ranar da za a raba kyauta, ranar kam an san mai shi.

Ranar da nake nufi ita ce Lahadin Iyaye Mata, wadda cocin ke yi sau ɗaya a shekara. Tun daga ƙofa ake maƙala wa kowace uwa jan fure na ƙyalle a kafaɗa. Ana ba da bargo ga wadda ta fi tsufa, baho ga mai sabuwar haihuwa, bokiti ga wadda ta fi 'ya'ya. Bokitin nan mace ɗaya ke lashe shi shekara da shekaru, shugabar matan coci, mai 'ya'ya goma sha ɗaya, har in aka ɗauke ruwa gidanta unguwa ke zuwa aro. Bayan kyauta sai Fasto ya ce, "Duk iyaye mata su miƙe tsaye," ya yi musu addu'a, sauran jama'a na zaune.

Kada a ɗauka Anti na jin ƙyashin ranar. Ita ke buɗe musu riga in ciki ya fito, ita ke rage ta bayan yaye, tef ɗin awonta ya fi kowa sanin abin da haihuwa ke ci a jikin mace. Da ita ke rabon, da bokiti ya yi kaɗan. Abin da ba ta iya ɗauka shi ne zaman. Addu'ar ba ta wuce minti uku, amma shekara bakwai na farkon aurenta ta zauna cikin mintocin nan, zannuwa tsaye dama da hagu da gaba da baya kamar ta faɗa rijiya, tana jin idon kowa a tsakar kanta. Ta koma gida ta kasa cin abinci.

A shekara ta takwas sai ta je ta ce ita za ta riƙa ɗinka furannin kyauta, ita kuma za ta tsaya a ƙofa ta maƙala su. Aka yi ta sa mata albarka. Ba wanda ya gano dabarar. Mai tsaron ƙofa a tsaye yake tun farkon sujada har ƙarshe. In an ce iyaye su miƙe, ita dama a miƙe take. Ba mai cewa ta tashi alhali ba ta haihu ba, ba kuma mai ganin ta zauna. Ƙarin riba, tana cika bakinta da fil, don haka duk wadda ta tsaya ta dafa ta ta ce, "Anti, Ubangiji bai manta da ke ba," sai dai ta samu "Mm." Mai ja da maganar kuwa, wani lokaci fil ɗin kan wuce yadi kaɗan. Shekara ashirin da tara tana haka lafiya lau.

Sai aka kawo sabon Fasto.

Yaro ne mai kirki, wannan ba a musu. Sabon fitowa daga makaranta, da ɗan littafin rubutu a aljihun gaba da rawar jikin gyara komai. A wata ɗaya ya gyara agogon bango, ya canza wa mawaƙa wurin tsayawa, ya sa aka kori tantabaru daga silin. Da Lahadin Iyaye Mata ta gabato ya tambayi yadda ake yin ta, aka gaya masa akwai wata baiwar Allah mai shekara sittin da ke tsayuwar awa uku a ƙofa da ciwon gwiwa, shekara kusan talatin, ba ko sannu. Ransa ya ɓaci. A sanarwar Lahadi ya ce wannan abin kunya ne ga ikilisiya. Bana Anti Tela ba za ta tsaya ba. Za a yi mata kujera ta musamman a kan mumbari, kusa da shi, ta zauna tun farko har ƙarshe kowa ya gan ta. Coci ya ɗauki tafi. Anti na daga baya, ita kaɗai ce ba ta tafa ba.

Ran Litinin da safe ta rufe shago ta same shi a ofis.

"Fasto, na zo godiya, na kuma zo roƙo. A bar min ƙofata."

"Haba Mama! Ai kin yi iya yinki. Ki bari mu ma mu samu albarka."

"Matan nan ba su iya maƙala fure ba. Za su huda wa mutane kaya."

"Za su koya."

"Ni zama ma ciwo yake sa min. Likita ya ce in riƙa tsayuwa."

"Wane likita?"

Anti ta duba bango. Ba ta saba ƙarya ba, ga shi kuma a ofishin coci.

Ya yi murmushi ya buɗe ɗan littafinsa ya yi rubutu. "Ka ji tawali'u," in ji shi. "Wannan ma sai na faɗa a wa'azi."

Ta fito tana ta ƙwafa. Gaskiyar na bakinta, kalma biyar ce, amma yaya za ta zauna gaban yaron da aka haifa bayan ta daina zuwa asibiti ta kwance masa cikinta? Ta gwammace ta haɗiye.

Da ta isa gida sai ta ji ƙarar zarto daga rumfar bayan gida. Ta leƙa. Ga Maigida da fensir a kunne yana ta waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ba ya yi sai aiki ya yi masa daɗi. Ashe shi aka ba aikin kujerar. Har ya fitar da katakon da yake ɓoyo shekara goma yana cewa sai babban aiki ya zo.

"Tela, zo ki zauna in auna tsayin ƙafa. Ba na so ƙafarki ta yi lilo a gaban jama'a."

"Kafinta."

Ya ajiye zarto. Ya san sunan.

"Me na yi?"

"Kai a tunaninka me nake yi a ƙofar nan shekara ashirin da tara?"

"Ai kina son ganin kayan da mutane suka sa."

Masu magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ga mai ɗaki, ruwa na zuba shekara da shekaru bai ɗaga kai ba. Anti ta zauna a kan guntun katako ta gaya masa, ba ado ba kwana. Ta ce ba ta iya zama lokacin da suke tsaye. Ta ce a benci ma da ke tsakiyar mutane ta kasa, balle a ɗora ta sama kamar kayan talla. Ta ce, "Na ɗauka tsufa zai kashe abin. Bai kashe ba, Maigida. Yana nan yadda yake."

Ya daɗe yana juya fensir a hannu. Shi ma yana da nasa. Shi ne ya kare ta daga danginsa lokacin da suke zuwa da maganganu, shi ne kuma yake ƙera wa jariran unguwa gado ba ya taɓa cewa komai. Amma bai taɓa haɗa ƙofar da wannan ba, abin ya ba shi kunya ƙwarai.

"To in je in gaya wa Fasto?"

"Ka gaya masa, in koma gidanmu."

Gidan nasu an rushe shi tun tuni an yi shaguna, amma bai tuna mata ba.

"Ka ce katako ya ƙare," in ji ta.

"Ga shi kuwa kina zaune a kai. Ni dattijon coci ne, Tela."

"To ka yi ta da ƙafa ɗaya gajeriya."

Ya dube ta kamar ta ce ya yi sata. "Ni? Kujerata ta yi rawa a gaban jama'a?"

Haka suka yi kwana biyar, ita na ɗinkin fure tana taka keke kamar da shi take faɗa, shi yana goge kujera yana tunani. Ran Asabar da yamma ya shigo shago da fara'a, ya ce ya samo hanyar da babu ƙarya a ciki, babu kuma ɓata aiki. Gobe da sassafe, kafin a buɗe coci, zai shafa wa kujerar fenti mai kauri, irin wanda ke kwana biyu bai bushe ba. In Fasto ya tambaya, zai ce fenti bai bushe ba, kuma gaskiya ya faɗa. Anti ta sa tabarau ta dube shi da kyau. Rabon da ya burge ta haka tun suna saurayi da budurwa.

Sun manta da Shugabar Mata. Matar da ta raini goma sha ɗaya ɗanyen fenti ba ya tsorata ta. Da ta taɓa kujerar ta ga yatsa ya yi ruwan ƙasa, ko Fasto ba ta gaya wa ba, ta aika gida aka ɗauko farin leshin da take rufe teburin falonta, ta shimfiɗa a kai, ta ce ai ma ya fi kyau. Leshi ne mai huji-huji, irin wanda ake hango tebur ta ciki. Maigida ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce, "Baba, je ka zauna, wannan aikin mata ne."

Anti ta iso ta tarar da mata biyu a ƙofarta da kwandon furanninta. Ɗaya ta maƙala wa wata fure a ƙirji, ɗayar ta soki yatsanta tana tsotsa. Da suka ga Anti sai suka dubi kafaɗarta, suka dubi juna, kowace na jira ɗayar ta yanke hukunci. Ta sauƙaƙa musu ta wuce. Shugaba ta tarye ta da rangaɗa guɗa, ta riƙo hannunta har mumbari. Ta hango mijinta a layin dattawa ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama a gonar wani. Ta zauna. Nan take ta ji wani sanyi-sanyi yana ratsa zaninta.

Daga sama cocin ya zama wani iri. Ita da ta saba ganin ƙeya da bayan ɗankwali, yau ga fuskoki ɗari biyu suna kallonta. Fasto ya yi wa'azi mai daɗi a kan iyaye mata, har ita sai da ta tuna tata uwar ta share ido. Ya yabi tawali'un Anti, ya ce ita uwa ce ga dukansu, aka ce Amin. Aka ba da bargo, aka ba da baho, Shugaba ta karɓi bokitinta tana mamaki kamar ba ta zata ba. Sannan ya ce iyaye mata su miƙe. Ya juyo da murmushi, bakinsa a kan makirfo, ya ce, "Ke Mama ki yi zamanki, tsayuwarki ta isa haka."

Garin gyaran gira ke nan. Iyaye mata suka miƙe da ƙarar bencina da ƙamshin turare, ita tana zaune a sama, hannu a cinya. Abin ya zo mata daidai yadda ta san shi, bai ragu ko kaɗan ba, kunne ya ɗau zafi. Fasto ya ce a rufe ido. Ita ta kasa rufewa, sai ta kafa idonta cikin jama'a don kada hawaye ya zubo.

A layi na shida, ta wata 'yar kafa tsakanin mata biyu, ta hango wata mace a zaune. Malamar ƙaramar makarantar coci ce, matar mai kaɗa jita. Anti ce ta ɗinka mata rigar aure shekara shida da suka wuce, kuma duk ɗinkin da ta kawo tun daga lokacin ba a taɓa sake awo ba, na farkon nan ne a littafi. Ta sunkuya tana tonon jaka, ta ciro hankici ta mayar, ta ciro biro ta mayar. Anti ta san wannan neman. Ita ma ta yi shi, babu abin da ya ɓace a jakar. Shekara shida yarinyar nan na wucewa ta gabanta a ƙofa, ita kuwa kafaɗa kawai take dubawa, in ba ta fure ba ce ta ce "Mm" ta dubi ta baya. Ta samu mafita ta shige ita kaɗai ta ja ƙofa. Kunya ta kama ta fiye da zafin da take ji.

Ta dafa hannun kujera ta yunƙura. Kujerar ta ƙi. Ta sake yunƙurawa da ƙarfi, sai aka ji "ɓarrr" har cikin makirfo. Ta miƙe, leshin Shugaba ya biyo ta, manne a bayanta, yana reto har ƙwauri. Ta ji shi sarai, ba ta waiwaya ba. Ta sauka matakala uku da gwiwarta mai ciwo ta bi ta tsakiyar coci.

An ce kowa ya rufe ido, amma ranar aka san masu biyayya ba su da yawa. Daga wajen mawaƙa wani ya yi tari irin na dariyar da aka danne. Shugaba ta buɗe ido ɗaya ta ga kayan falonta na tafiya, ta ce "Wayyo" a wurin da ya kamata a ce Amin. Fasto ya ɗan yi tuntuɓe a tsakiyar jimla, ya ƙara murya ya ci gaba, don a makaranta ba a koya masa abin da ake yi ba in baƙuwar girma ta gudu da shimfiɗa. Maigida kuwa ya rufe ido da gaske, har da hannu.

A layi na shida Anti ta kutsa tsakanin matan da ke tsaye, tana taka ƙafar wannan tana ture jakar waccan.

"Matsa min," ta ce wa Malama.

Malama ta ɗago a firgice ta matsa. Anti ta zauna, leshi da komai, ta karɓe jakar ta zuge zif ɗin ta ajiye a gefe. Ta kama hannun yarinyar ta riƙe a cinyarta. Ga zannuwa tsaye kewaye da su, addu'a na tafiya a sama. Fasto ya ruɗe har ya koma kan abin da ya riga ya roƙa.

Can Malama ta matso da bakinta.

"Anti, yana dainawa?"

Anti ta so ta ce eh. Duk maganganun da aka yi ta gaya mata shekara talatin suna nan a kanta, ko wanne ta ɗauko zai yi. Ta haɗiye su.

"Ba ya dainawa, 'yata," ta ce. "Addu'ar ce dai ke ƙarewa. In wannan yaron ya ga dama."

Malama ta toshe baki da hannu ɗaya, kafaɗarta na girgiza, dariya da kuka suka haɗe mata har ba a rabewa. Anti ma ta bar nata ya zubo, ba ta share ba.

Daga ƙarshe aka ce Amin, mata suka zazzauna, na kusa suna satar kallo suna kawar da kai. Fasto ya share zufa ya ce kowa da kowa ya tashi a yi waƙar rufewa. Coci ya miƙe gaba ɗaya. Anti ta dafa benci ta yunƙura, benci ya riƙe ta gam, don fentin Maigida ba ya wasa da aiki. Ta sake gwadawa, ko motsi. Malama ta riga ta miƙe har ta buɗe littafin waƙa. Ta dubi Anti, ta dubi bencin, sai ta koma ta zauna, ta matso da littafin tsakaninsu.